Sayen Kwamfutar Wasa Da Idon Mai Sayen Shanun Huɗa

Mai neman shanun huɗa a kara ranar Alhamis a Batsari, tafiyarsa daban take da ta mahauci. Mahauci idonsa na kan cinya da ƙirji, nama yake aunawa. Manomi kuwa sai ka ga ya wuce ƙaton bijimin da jama'a suka kewaye, mai tozo har ya kwanta gefe, fata tana sheƙi, ya je can ya tsaya kan wasu matsakaita guda biyu. Zai buɗe musu baki ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a kora su gaba ya ga takunsu, sannan ya jera su kafaɗa da kafaɗa ya duba ko wuyansu zai zauna daidai ƙarƙashin karkiya guda. In ɗansa ya ja masa riga ya ce, "Baba, ai wancan ya fi girma," amsar ba ta wuce, "Wancan na turka ne, ɗana, bai san garma ba." Kuma kafin ya taya, ya riga ya gama lissafin harawar da ya ɗora bisa rumfa da dusar da aljihunsa zai iya ɗauka har ruwa ya sauka.

Maganar shanu a ƙasar Ruma da Safana magana ce mai ciwo. Gidaje nawa aka kore wa na huɗa cikin dare aka shige da su dajin Rugu, suka koma garmar hannu? Ban ɗauko ta da wasa ba. Na ɗauko ta ne domin ita ce ilimin saye mafi zurfi da muka gada, ga shi kuma yaranmu sun fara zuba kuɗin da ya kai na sa, wani lokaci har ya haura, a kan wani kaya da suke saye ba tare da wannan ilimi ba: kwamfutar tebur ta karawa da mutane ta intanet.

Daga waya abin ya faro, su Free Fire da PUBG da eFootball. Yaro ya tafi karatu jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ya ga abokai na buga Counter-Strike da linzami a kan babban allo, ya dawo gida waya ta yi masa kaɗan. Wani kuma gidan gem yake son buɗewa kusa da gidan kallon ƙwallo, neman abinci ne. Dukansu wuri guda suke neman shawara, YouTube da TikTok, inda wani saurayi a Amurka ko Jamus ke nuna akwatin gilashi fitilu na canja launi a ciki. Shawararsa daidai ce a ɗakinsa, inda wuta ba ta ƙiftawa, igiyar intanet ta shigo har gindin tebur, ga iska mai sanyi. Ƙasar da yake nomawa ba irin tamu ba ce.

Manomi ba da sa yake farawa ba, da gona yake farawa. Jigawa ce mai taushi irin ta rogo da dankali, ko laka ce mai riƙe garma? Gonar mai wasan intanet ita ce sabis, kuma nan ne masu saye suka fi rufe ido. Duk danna linzamin da ka yi, saƙo ne zai tashi daga ɗakinka zuwa eriyar kamfanin waya, ya gangara Legas, ya shiga igiyoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 ko Equiano ta Google da ta iso a 2022, ya je wata uwar garke a Landan ko Frankfurt ko Afirka ta Kudu, sannan amsa ta biyo sawu. Tsawon wannan zuwa da dawowa shi 'yan wasa ke kira fing, da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin igiya kilomita kusan 200,000 yake ci a daƙiƙa, don haka kowace kilomita 1,000 sai ta ci milisakan 10 zuwa da dawowa, ko da komai lafiya lau yake. Ɗan Jamus na wasa da fing 20. Daga Legas zuwa Turai ana maganar wajen 100. Mu da ke nan sai a ɗora mana nisan Legas, a ƙara da cunkoson eriya.

To ga inda lissafi zai cece ka. Kwamfutar da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa tana sabunta allo duk milisakan 17, mai fitar da 144 kuma duk milisakan 7. Ribar da ka sayo da ninkin kuɗi milisakan 10 ce. In fing ɗinka 180 ne, yana kuma tsalle zuwa 400 da zarar unguwa ta hau TikTok bayan isha'i, me wannan goman za ta tsinana maka? Abokin karawarka ya riga ya harbe ka kafin allonka ya nuna ya leƙo. Kuma dogon fing da ya tsaya wuri guda ya fi gajere mai rawa, domin hannu na sabawa da jinkiri, amma ba ya sabawa da yankewa. Saboda haka kafin ka kai ko kobo Kano, zauna a ainihin ɗakin da za a girke kwamfutar, da daddare, ka gwada MTN da Airtel da Glo ɗaya bayan ɗaya, dare bayan dare. Wasannin waya da yawa suna nuna fing a kusurwar allo. In ka dace da layin da ya tsaya, sayi na'urar rarraba intanet ka rataye ta inda sabis ya fi sauka, ko da saman katanga ne, ka jawo waya daga jikinta har kwamfutar. Jonawa ta iska daga wayar hannu, wadda kira ɗaya zai katse, ba abin dogaro ba ce.

Mu a nan mun ga yadda gona kan fita hannu ɗungurungum. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, muna ciki, sai wajen ƙarshen shekara aka fara mayarwa. Kara da sabis suka rufe a damina guda. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka yanke a teku daura da Kwaddibuwa, intanet ta yi ta jan ƙafa a Afirka ta Yamma kwana da kwanaki. Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 ya kauce wa eriya, amma kuɗin kayansa da na wata-wata ba na kowa ba ne, farantin ma yana cin tasa wutar. Mai buɗe gidan gem ne zai zauna ya yi wannan lissafi. Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, san huɗa da rani amalanke yake ja, ba ya zaman banza. Kwamfutarka ma ta zama mai abin yi ranar da babu sabis: buga takardu, gyaran hoto da bidiyon biki, atisayen jarrabawar JAMB ga ƙanne.

Sai ci. Sa ba ranar saye kaɗai yake cin kuɗi ba, kullum yake ci. Abincin kwamfuta wuta, kuma mazaunin Safana ko Batsari ba sai an ba shi labarin wuta ba. A Oktoban 2024 Arewa ta yi kwanaki cikin duhu da manyan layukan da ke kawo mata wuta suka lalace, tun Mayun 2023 da aka janye tallafin mai kuwa janareto ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Kowane katin hoto, wato abin da ke zana hoto a allo, yana da adadin wutar da yake ja a rubuce, kuma a wajenmu wannan lamba ta fi sunansa nauyi. GTX 1650 wat 75 yake ja, RTX 4060 wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170. RX 580 da ake rububi a gwanjo saboda araha wat 185 ne. RTX 4090 da ake yi wa kirari a bidiyo kuwa wat 450 yake sha shi kaɗai, ban da sauran kayan ciki.

Auna da batir ka gani. Batirin sola na ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wutar da za ta ba da wat 2,400 na awa guda, amma rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko. Matsakaiciyar kwamfuta da allonta wat 300 ko ƙasa da haka take ja lokacin wasa, awa huɗu ke nan. Mai ƙaton kati tana iya kai 700, ba za ta cika awa biyu ba, ƙaramin janareton shago kuma da nishi zai ɗauke ta, in ma ya ɗauka. San turka ke nan, ya cika ido, ya cinye harawar shekara tun kafin bazara. A ganina, kuɗin da ke tsakanin babban kati da matsakaici a kan farantin sola da batir da UPS ya kamata ya tafi. UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mintoci kaɗan yake bayarwa, amma su ke hana kwamfuta mutuwar farat ɗaya da ke lalata ma'adana. Sannan a wasanni irin su Valorant da Counter-Strike, wanda ya fice ana tsakiyar karawa hukunta shi ake yi, a hana shi shiga na wani lokaci, ba ruwansu da cewa wuta aka ɗauke.

Wani zai ce, to me zai hana a sayi ta cinya mai batirinta? Wanda ba shi da halin sola, ita nake ba shi shawara, ko ya yi haƙuri da wayarsa tukuna. Fifikon ta tebur shi ne kuɗi ɗaya ya fi sayo ƙarfi a cikinta, ta fi shan iska, kuma in ɗaya daga cikin shanunta biyu ya gaza, shi kaɗai ake canjawa.

Shanun nan biyu su ne furosesa da katin hoto. Furosesa ke lissafin inda kowa yake a fili, wa ya harba, ina ƙwallo ta nufa. Kati ke zana abin a allo. Karkiya guda suke ciki. Wanda ya taɓa riƙe garma ya san abin da ke biyo baya in an haɗa ƙaƙƙarfa da rarrauna: ba takun mai ƙarfi ake bi ba, na raunannen ake bi, kunya ta karkace, mai ƙarfin ya yi ta jan wuya a banza har karkiya ta ji masa. Haka kwamfutar da aka ɗora wa katin zamani a kan furosesar da ta haura shekara goma. Kati na zaune yana jira, hoto ya sarƙe daidai lokacin da jama'a suka taru ana ɓarin wuta. Wasannin gasa irin su Counter-Strike 2 da Valorant da Dota 2 ma sun fi jingina da furosesa fiye da yadda ake zato, domin an yi su ne don su gudu a kan matsakaitan katuna. Mai haɗa kaya don sayarwa ya san idon yara na kan kati, don haka can yake zuba kuɗi, ya rage a wuyan ɗayan.

Nan ƙirga haƙora ke shigowa. Sa yakan fid da haƙoran girma biyu yana wajen shekara biyu, ya cika takwas wajen huɗu zuwa biyar, daga nan su fara cinyewa. Ana iya wanke sa a goge shi ya yi ƙyalli, amma ba a mayar masa da haƙori. Haƙoran furosesar Intel suna cikin lambar da ke bin sunanta. Mai shago zai ce maka, "Yallaɓai, Core i7 ce fa," ya ja baki ya yi shiru. Ka ce ya ƙarasa. i7-3770 tsara ta uku ce, ta 2012. i5-4570 ta huɗu, 2013. i5-8500 ta takwas, 2018. i3-12100 ta goma sha biyu ce, 2022, kuma wannan i3 ta fi waccan i7 gudu nesa ba kusa ba. Inda zan ja layi shi ne tsara ta takwas, ko Ryzen na AMD daga jerin 3000 zuwa sama. Dalilin a fili yake: Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar abin da ya gaza tsara ta takwas, tana kuma neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Masu gyara sun iya dabarar cusa ta a tsohuwar kwamfuta, amma in babu wannan guntu, manhajar hana maguɗi ta Valorant ba za ta bar ka ka shiga fili ba.

Da yawa daga abin da za a nuna maka a Beirut Road ta Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, tsofaffin kwamfutocin ofis ne na Turai da Amurka, su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Kaya ne masu ƙwari, ban raina su ba, ga mai ƙaramin ƙarfi ma su ne ƙofar shiga. Sai dai don rubutu aka yi su. Siraran cikinsu, na'urar ba su wuta ba ta cika wuce wat 180 zuwa 260 ba, akwatin kuma ba ya ɗaukar dogon kati. A nemi mai faɗin ciki, a sa mata irin GTX 1650 ɗin da ba ya neman wayar wuta ta daban. Wata hanyar ita ce Ryzen 5 5600G mai wat 65, wadda ke ɗauke da ɗan katinta a jikinta. Tana jan Valorant da Dota 2 da eFootball in an sassauta ƙawar hoto, in hali ya samu baɗi a ƙara mata kati.

Akwai kuma san da haƙoransa ba su nuna tsufa ba amma an gama da shi, an yi ta haya da shi gona-gona har ƙafa ta mutu. Katunan gwanjo da yawa haka suke. Kafin Satumban 2022, lokacin da Ethereum ta daina dogaro da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, katuna irin RX 580 sun yi shekaru suna aiki dare da rana, da aka gama da su aka goge aka turo kasuwa. Wasu lafiyarsu lau, wasu fankarsu ta gaji. Ga kuma na jabu, tsohon kati irin GTS 450 na 2010 da aka sauya wa suna yana nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Maganinsu duka ɗaya ne, a ɗaura garma a gani. Kada ka karɓi kwamfutar da aka kunna maka ta haska aka kashe. A sa wasa na gaske ya yi rabin awa a gabanka. A buɗe GPU-Z, kyauta ce, ta faɗi ainihin katin da zafinsa. A buɗe CrystalDiskInfo ta faɗi awa nawa ma'adana ta yi tana aiki. Kara kunne jikin akwati ka ji ko fanka na gurnani, sa tafin hannu bayanta ka ji iskar da ke fita. Mai shago na kirki ba ya jin haushin wannan, zai ma rubuta maka kwanakin da za ka iya dawowa da ita. Tafi da wanda ya san kan abin ka ba shi la'adarsa, ta fi sauƙi a kan kuɗin motar komawa Kano.

Ba a huɗa da rana tsaka, da sanyin safiya ake yi, don an san abin da zafi ke yi wa dabba. Watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, waje ya haura digiri 40, kati da furosesa da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi ba namu ba ne. Nemi mai raga a gaba da fanka biyu ko uku, ɗora shi bisa tebur, rufe shi da zane in an kashe, a riƙa hure ƙura, balle da hunturu. Na'urar ba da wuta kuma ba wurin neman araha ba ce, marar suna in ta ƙone takan tafi da abin da ya fi ta tsada. Sauran ba su da wuyar sha'ani: RAM gigabait 16, sanda biyu na 8 maimakon guda ɗaya, ma'adana irin ta SSD mai gigabait 512 ko fiye, allo inci 24. Fitilu masu launi ba sa ƙara komai sai farashi.

Abu guda da ba a faɗa wa yara sai sun kai kaya gida: wasan da ake zuba wa mutane daga filas a shago, wanda aka fasa makullinsa, ba ya shiga uwar garken kamfanin da ya yi shi. Wasan ƙwallo na EA, da ya sauya suna daga FIFA zuwa FC a 2023, wajen dala 70 ake sayar da sabonsa duk shekara, sai kuma an sami katin da ke biya da dala. Counter-Strike 2 da Dota 2 da Valorant da Fortnite da eFootball kyauta ake shiga. Wasan kansa ba ya cin data sosai, saukewa da sabuntawa ne ke lashe gigabait gommai. Mai dabara a Katsina yake saukewa inda intanet ke da ƙarfi, ya ɗauko a ma'adanar hannu.

Iyaye kuma tsoronsu yana kan hanya. Wasan nan na cin lokaci, yana iya cin salla da karatu in ba a tsaya ba, akwatunan sa'a da ake saye a cikin wasu kuwa caca ce tsagwaronta, har Beljiyam ta hana su tun 2018. Amma hani kawai ba ya raba yaro da abin da ya sa a rai, ɓoyewa yake koya masa. Gara uba ya zauna da shi, a ajiye kwamfutar inda ido ke gani, a yanka mata lokaci, a kuma ɗora mata aikin da zai dawo da wani abu gida. Ba sai Baba ya san i5 ba kafin ya tambaya: me take ci, shekarunta nawa, wa zai gyara ta in ta kwanta?

Ɗan'uwa, wanda ya gwada sabis a ɗakinsa ya ga ya tsaya, yana kuma da wutar awa huɗu da zai dogara da ita, ya sayi matsakaiciya, furosesa daga tsara ta takwas zuwa sama da katin da bai wuce wat 130 da ɗoriya ba. Wanda ya gwada ya ga yana rawa, ya riƙe kuɗinsa, kada ya saya bana.